Bargon Direba a Bi'ir Ali

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malama ce, ina koyar da yara karatu a unguwar Ƙurban, nan Madina.

A watan Janairu ɗan yayana Sadiƙu ya zo umara daga Kano. Na ce masa ya taho da kayan sanyi, sai ya yi dariya: "Gwaggo, Saudiyya ce fa! Wane sanyi?" Da shadda biyu ya sauka.

Ranar tafiya Makka, ya ɗaura harami a miƙatin Bi'ir Ali da sassafe, iska na kaɗawa, haƙoransa na haɗuwa. Ya jawo rigar sanyin mijina zai zura. Na ce, "Kul! Ka riga ka yi niyya, babu ɗinkakken kaya."

Sai direbanmu, wani Bahaushen Cadi, ya miƙo masa bargonsa: "Yalla, ya waladi, maza ɗana, yafa a kafaɗa, amma kar ka rufe kai." Haka ya yi talbiyya cikin ɗumi, haraminsa lafiya lau.

Masu zuwa lokacin sanyi, ku riƙo rigar sanyi saboda Madina, da ƙaramin bargo saboda miƙati.

Ina gaida ɗalibaina, da Sadiƙu, wanda har yau bai sake ce mini "wane sanyi" ba.