Lauje a Jakar Littattafai

A tashar motar Jinju, gab da bikin girbi, lokacin da ake hawa dutse yanke ciyawar kaburburan iyaye, wata tsohuwa ta zauna kusa da Pyo Dong-ha, ta ƙura wa jakarsa ido. Ƙotar sabon lauje ce ta leƙo daga tsakanin littattafai.

"Ɗan makaranta, noma kake karantawa?"

"A'a, Kaka. Falsafa da siyasa da tattalin arziki."

"Har uku? Kai, wannan haɗama! To wanne ne na laujen?"

"Babu ko ɗaya. Ciyawar kabarin babana zan je in yanke. Bana ne na farko."

"Ayya, ɗan nan. Ka ma iya riƙe shi?"

"Ina fa. Duk shekara in mun hau dutse gyaran kabarin kakana, sai babana ya ce in zauna a inuwa, wai hannuna na littafi ne. Har ya rasu bai iya faɗin sunan karatuna ba. Sai dai ya ce wa maƙwabta, yaron nan abu uku yake yi."

"Haka muka yi wa namu ɗan. Yanzu babban mutum ne a Seoul."

"Yana zuwa yankan ciyawar?"

"Ina ya ga lokaci? Ma'aikata yake turowa da inji, su gama su aika masa hoto."

Ta sunkuya tana gyara ƙullin kayanta.

"Bara kabarin wani suka gyara, ba na ubansa ba. Ya kalli hoton, ya ce ya yi kyau."