Ramin da Ya Kauce wa Bishiyar Marigayi

Yaya: Halo? Auta? Kana jina?

Auta: Ina jinki, Yaya. Ina wuni?

Yaya: Lafiya lau. Ya shago? Ya mai ɗakinka da yaran?

Auta: Duk lafiya. Ya ƙarin haƙuri?

Yaya: Da godiya. Wata bakwai ke nan, amma har yau kofi biyu nake ɗaukowa da safe.

Auta: Allah ya jiƙansa. Wannan ƙarar fa? Kamar dutse ake fasawa a kanki.

Yaya: Masu haƙa ne. Wayar wuta suke binnewa a ƙasa, wai an gaji da ta sama. Kwana huɗu a kan katako muke tsallakawa mu shiga gida. Kai, me ke fitar da jan fenti daga hannu?

Auta: Daga hanci?

Yaya: Hannu! Toshe ɗaya kunnen mana.

Auta: Kananzir. Me ya haɗa ki da fenti?

Yaya: Ka san lemun tsamin ƙofar gida, wanda marigayi ya dasa shekarar da muka tare?

Auta: Wanda ya hana ni tsinka ko ɗaya.

Yaya: Shi. To masu awo sun zo sun ja jan layi a ƙasa, inda za a haƙa. Layin nan ya bi ta tsakiyar gindinsa, tsaf. Na ce da yaron da ke jan layin, bishiyar fa? Ya ce, Mama, sarewa za a yi. Ko kallona bai yi ba.

Auta: Ayya. Sai haƙuri, Yaya, aikin hukuma...

Yaya: Haƙurin me? Suna tafiya cin abinci na watsa ƙasa a kan layinsu, na ɗauko ragowar fentin ƙofa, na ja nawa. Ya zagaye bishiyar da taku uku, ya koma ya haɗu da nasu.

Auta: Innalillahi! Yaya!

Yaya: Masu awo daban, masu haƙa daban. Su masu haƙa ja kawai suke bi, ko cikin rijiya ya shiga.

Auta: Kuma suka bi?

Yaya: Har da yi mini sannu da zama! Matsalar, tela maƙwabcinmu ya gan ni.

Auta: Ya kai ƙara?

Yaya: Ina! Gwangwanin ya ara. Shi ma ya kautar da layin daga matakalar shagonsa. Daga shi sai mai aski, saboda dakalinsa. Sai malamar makaranta, wai furanninta.

Auta: Har malama?

Yaya: Ita da abin awo ma ta zo, nata ya fi na kowa kyau. Yanzu in ka tsaya a bakin titi ka hango ramin, sai ka rantse maciji ne ya sha duka.

Auta: Wallahi za ku... halo? Yaya?

Yaya: Ina nan, leƙawa na yi ta taga. Yau suka kawo wayar, ƙatuwa, kaurin damtsena. Daidai awo suka yanko ta. Suka shimfiɗa, suka shimfiɗa, sai ta ƙare a ƙofar mai aski, saura gida biyu. Injiniyansu ya cire hular kwanonsa ya zauna a kan tarin ƙasa.

Auta: To yanzu fa?

Yaya: Wai gobe za a cike ramin a haƙa miƙaƙƙe. Ka ga bishiyar ta tafi ke nan. Auta, a ƙarƙashinta yake zama ya jira ni in na je kasuwa. Ni ba ni da hotonsa mai kyau, ita ce kawai.

Auta: Ai ba dole sai an sake haƙa ba. Ana ƙara irin wayar nan, akwai akwatin haɗi da ake binnewa tare da ita. Ƙyuya ce kawai.

Yaya: Yauwa! Abin da nake so in ji ke nan. Ga shi nan a ƙofa, sai ka maimaita masa.

Auta: Wa?

Yaya: Injiniyan. Na ce masa ƙanena babban injiniya ne, shi ya sa ya yarda ya jira.

Auta: Yaya, ni fanka nake gyarawa! Fanka da dutsen guga!

Yaya: Duk ba wuta ba ce? Ka ƙara wa muryarka kauri, kuma kar ka gaishe shi da yawa. Bawan Allah, ga shi.

Auta: Yaya, kar ki... Yaya! Halo? Ehem. E, ni ne. Wa ya yi muku awon nan?