Hannun Sa'adatu

An ce Sa'adatu, gwanar tanis ta Tarauni, girman kai ya kama ta. Ban gaskata ba, don haka na kasa kunne da maza biyu suka taso da zancen a ɗakin jiran likitan ƙashi a Gyaɗi-Gyaɗi.

"Da hagu fa ta karɓi lambar yabo daga dattijo, Malam! Mara kunya ba ta cin kofi."

"Ba raini ba ne, bawan Allah."

"Kai ka haife ta?"

"Ni na haife ta." "Ko cokali ba ta iya ɗagawa da dama. Wasan ƙarshe jibi ne. Tsoron abin da likita zai faɗa nake."

"Innalillahi! Tana ciki?"

Tana ciki. Wuyan hannunta ya tsage tun makon jiya.