Tambari a Jikin Shanun Sajo

A wata rumfar gyaran waya da ke Sabon Layi, wani dattijo makiyayi mai suna Sajo ya dangwarar da wayarsa gaban Tizhe, mai rumfar, yana huci.

"Kai yaro, wa ya ba ka izinin yi wa shanuna shaida?"

"Wace shaida kuma, Baffa? Cewa ka yi in juya maka bidiyoyin su buɗu a ƙaramar wayarka. Ga su nan sun buɗu."

"Dubi nan! Kowace saniya da rubutun wani a haƙarƙarinta. Har ɗan maraƙin bai tsira ba!"

"Tambarin manhajar ne. Ita ce mai juya su gaba ɗaya cikin sauri. Akwai wata da ba ta sa tambari, amma wuni guda take ci."

"To, na ce maka sauri nake yi?"

"Haba Baffa, bidiyo cike da waya, kuma duk shanu ne suna kiwo! In rubutun ya dame ka, koma ruga ka sake ɗaukarsu mana."

Sajo ya shafa fuskar wayar da babban yatsa.

"In ɗauki wa? Bara ɓarayi suka kore su kaf. Waɗannan na cikin wayar su suka rage mini. Su ma sai wani ya buga musu shaidarsa?"

Tizhe ya jawo masa benci.

"Zauna, Baffa. Na asalin suna nan."