Kwanon Alkakin Gwaggo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Hadiza daga Kinkinau.

Bara likita ya ce babanmu yana da ciwon suga. Muka gyara masa cimarsa. In bakinsa na son taɓa wani abu bayan la'asar, sai in yanka masa gurji da yalo, ko in ba shi 'yar gyaɗa. Har ya fara jin sauƙi.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Abokansa na kasuwa suka kawo katan-katan na lemo. Ƙanwarsa, Gwaggo Asabe, ta taso tun daga Rigachikun da kwanon alkaki. Baba mutum ne mai kara, a gaban baƙo zai buɗe ya ci don kada a ce ya raina. Da na yi magana sai ya ce, "Hadiza, da hannunta ta yi mini. In ce ta mayar?"

Suga ya hau, wani gyambo da ke ƙafarsa ya ƙi warkewa. Bayan ƙaramar Sallah Allah ya yi masa rasuwa. Na san kwana ne ya ƙare, amma abin yana cin raina.

Yanzu an gano ciwon a jikin Mama. Jiya Gwaggo ta zo gaishe ta, da kwanon nan dai a hannu. Na karɓa, na yi godiya, na shige ɗaki ina kuka.

Jama'a, ku ba ni shawara. Yaya zan hana Gwaggo, ba tare da ta ji kamar na ce ita ta kashe yayanta ba?