Sunan da ke wuyan abaya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Habu tela daga Madina.

Hajiyoyi, kun taɓa duba sunan da ke wuyan abayar da kuka saya a nan? Na wata Bafaranshiya ne. Na karanta tarihinta a waya. A gidan marayu ta koyi ɗinki, ta raba matan ƙasarsu da matsattsun kaya. Ta daɗe da mutuwa, sunanta na ta yawo.

To abayar nan Innata ce ta yanka ta, a wani shago a unguwar Sih, nan Madina. Ita ta ƙirƙiro aljihun ciki da kuke sa waya in za ku Harami. Ni kuma kafili, wato ubangidan da nake zaune a ƙasar nan a ƙarƙashinsa, ya sa ni ɗinka sunan Bafaranshiyar a wuya.

Watan jiya muka kai Inna maƙabartar Baƙi'a. Can ba a rubuta suna a kabari, wannan na yarda. Washegari na koma kan keke na ci gaba da ɗinka sunan. Har yau ban yi kuka ba.

Kafili, kana jin Hausa, kuma iƙamata, takardar izinin zamana, na hannunka, na sani. Ka kira shirin nan ka faɗi sunan Innata kowa ya ji.