Akushin Kaka a Gidan Tarihi

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Fagge nake rubutowa, a sakaya sunana.

Ranar Asabar na kai Innata gidan tarihin nan na tsohuwar fada. Muna shiga soro na biyu ta dafe ƙirji: "Wallahi akushin mahaifiyata ne! Ga tsagewar da aka ɗaure da waya."

Malam, ni na sayar wa wani dillali shi a Sabon Gari bara, na ce mata ɓarawo ya ɗauke. Tun ranar, kowace salla sai ta ja wa ɓarawon Allah ya isa, ni kuma ina cewa amin.

Jama'a, ina zan sa kaina? Rediyon da take sauraron ku yanzu, da kuɗin akushin na saya mata.